Rumbun Lambobin Maƙera Jiragen Ruwa na Amurka: Abin da Yake Faɗa wa Mai Tsohon Jirgi da Abin da Yake Bar Masa

Duk wanda ya taɓa tsayawa a bayan tsohon jirgin ruwa na faiba, wato roba mai tauri da aka ƙarfafa da zaren gilashi, wanda rana ta cinye masa launi, sunan kamfanin da ke gefensa ya ɓanɓare, takardunsa kuma suka ratsa hannu huɗu ko biyar kafin su iso gare shi, ya san cewa kafin a kai ga maganar ciniki akwai tambayoyi biyu da ke jiran amsa: wa ya ƙera wannan jirgi, kuma a wace shekara? Inshora na dogara da amsar, rajista na dogara da ita, haka ma neman kayan gyara, domin ba a sayen ƙarfen da ke riƙe da sitiyarin jirgi ko tagar ɗakinsa da ƙiyasi. Rundunar Tsaron Gaɓar Teku ta Amurka tana da wani rumbun bayanai a intanet, a ƙarƙashin sashenta na kare lafiyar masu tuƙa ƙananan jirage, inda mutum zai shigar da haruffa uku na farkon lambar gangar jirgi, wato lambar da ke jikin jirgin kansa, ya ga kamfanin da aka ba su. Na yi amfani da wannan rumbu sau da dama a kan tsofaffin jirage, kuma hukuncin da na yanke masa shi ne cewa babu wurin da ya fi shi dacewa a fara bincike, amma wanda ya tsaya a kansa kaɗai zai koma gida da kashi ɗaya cikin huɗu na amsar da ya fito nema.

Asalin lamarin yana komawa ga dokar kare lafiya a ƙananan jiragen ruwa da majalisar Amurka ta zartar a 1971. Daga ranar 1 ga Nuwamba, 1972, ya zama wajibi kowane jirgin shaƙatawa da aka ƙera a Amurka ko aka shigo da shi domin sayarwa ya ɗauki lambar ganga, wadda masu harkar ke kira HIN a taƙaice. Lambar tana da gurbi goma sha biyu a jere, babu tazara a tsakaninsu. Gurbi uku na farko su ne alamar maƙerin, wato MIC, kuma rundunar ce da kanta ke rabawa. Biyar na tsakiya lambar jeri ce da kamfanin ke tsarawa yadda ya ga dama. Huɗu na ƙarshe kuma su ne kwanan wata. Manufar gwamnati tun farko ita ce, idan aka gano aibi mai haɗari a wani rukunin jirage, a iya sanin waɗanda abin ya shafa a kira masu su. Masu saye da sayar da tsofaffin jirage sun ci moriyar tsarin ne daga baya, kuma wannan tarihi yana bayyana yawancin abin da rumbun ke yi da abin da bai damu da yi ba.

Kafin mutum ya zauna gaban kwamfuta, sai ya fara samo lambar, kuma a tsohon jirgi nan ne gumin yake. Doka ta ce a sa ta a wajen bangon baya na jirgi, a ɓangaren dama idan mutum na fuskantar goshin jirgin, cikin inci biyu daga saman bangon, kuma tsayin kowane harafi kada ya gaza rubu'in inci. Jirgin da ba shi da shimfiɗaɗɗen bangon baya, ana sa masa ita a gefen dama na ganga, cikin ƙafa ɗaya daga ƙarshen baya. Wani jirgi mai filafili da na je dubawa, mai tsawon ƙafa ashirin da biyu, na same shi a kan tirela a bayan gidan wani dattijo, an lulluɓe shi da tamfol wanda ganye ya taru a kai har ya fara ruɓewa. A wurin da lambar ya kamata ta kasance babu abin da ido ke gani sai farin fenti, wanda aka shafa aƙalla sau biyu da buroshi. Da na shafa da yatsa sai na ji wani ɗan kwarmi mai kusurwa huɗu, siriri kamar tsinken ashana biyu a jere. Wannan alama ce ta yadda kamfanoni da yawa ke yi a wancan zamani: suna buga lambar a kan ɗan tef mai tudun haruffa, su manna shi a cikin mazubin da ake zuba gangar, idan faiba ta daskare sai lambar ta fito a jikinta tare da shatar tef ɗin.

Ban taɓa wurin da samfefa ba, domin haruffan ba su da zurfi, kuma gugar minti ɗaya na iya shafe abin da ya shekara arba'in yana jira. Na wanke shi da ruwa da sabulu, na bari ya bushe, sannan na haska tocila daga gefe, kusan a kwance da bangon, yadda kowane ɗan rami zai yi inuwa. Haruffa bakwai suka fito. Sauran biyar sai da na ɗora farar takarda na goga gefen fensir a kai a hankali, sau uku a kan takardu uku, na jera su a kan murfin mota ina kwatantawa. Dattijon na tsaye yana kallo, ya ce shi shekara goma sha ɗaya jirgin na hannunsa bai taɓa sanin akwai rubutu a wurin ba. Farkon lambar XDY ne, ƙarshenta kuma M76C.

A nan rumbun ya nuna amfaninsa. Babu wanda zai kalli XDY ya yi hasashen sunan kamfani, amma cikin ɗan lokaci binciken ya kai ni ga gidan da ya ƙera jiragen O'Day, kamfanin da George O'Day ya kafa, mutumin da ya ci lambar zinare a tseren jiragen filafili a gasar Olamfik ta Rum a 1960. Kamfanin ya yi aiki a Fall River da ke jihar Masachusets, ya kuma rufe a 1989. Ba a biyan ko sisi kafin a yi binciken, ba a buɗe asusu, ba a neman adireshin imel, kuma ana iya bi ta kowane ɓangare: a sa haruffa uku a samu suna, ko a sa suna a samu haruffan. Abin da ke fitowa ya haɗa da sunan kamfani, adireshinsa, matsayinsa na ko yana aiki ko ya daina, da sunayen da aka taɓa sani a ƙarƙashin alamar. Abin da na fi yaba masa shi ne bai share matattun kamfanoni ba. Sana'ar ƙera ƙananan jirage a Amurka cike take da kamfanonin da suka buɗe suka rufe cikin 'yan shekaru, wasu ba su wuce rumfa ɗaya da mazubi biyu ba, kuma ga irin waɗannan, layi guda da ke cikin wannan rumbu sau da yawa shi ne kawai shaidar hukuma da ta rage cewa sun taɓa wanzuwa.

Wasu alamomin ba sa buƙatar bincike, domin suna kama da sunayensu: HUN ta Hunter ce, PEA ta Pearson, SER ta Sea Ray, CTY ta Catalina, BWC ta Boston Whaler. Wasu kuwa sai an san tarihi. Jiragen Hobie masu ganga biyu na shekarun 1970 suna ɗauke da CCM, saboda sunan kamfanin a lokacin Coast Catamaran ne, jiragen Grady-White kuma NTL suke ɗauka, wadda ba ta kama da sunan da ke gefen jirgin ko kaɗan. Wanda bai san haka ba yana iya zargin an yi masa maguɗi alhali lambar sahihiya ce.

To amma daga gurbi na huɗu zuwa na goma sha biyu, rumbun ya yi shiru. Ba ya karɓar cikakkiyar lamba ya warware ta, ba ya faɗin samfurin jirgi ko tsawonsa, ba ya kuma fassara kwanan wata. Wannan ne babban giɓinsa a wurina, domin a kan kwanan wata mutane suka fi yin kuskure, kuma kuskuren na da dalili: tsakanin 1972 da 1984 an yarda da tsari biyu a lokaci guda, daga baya kuma aka kawo na uku wanda ya maye gurbinsu.

Tsari na farko shi ne mafi sauƙi. Gurabe huɗun ƙarshe duk alƙaluma ne, biyu na wata, biyu na shekara, saboda haka 1075 na nufin Oktoba 1975. Tsari na biyu yana farawa da harafin M a gurbi na tara, sai alƙaluma biyu na shekarar samfuri, wato shekarar da kamfani ke tallata jirgin da ita, sai harafi ɗaya na wata a ƙarshe. Amma lissafin watannin a wannan tsari ba daga Janairu yake farawa ba. Shekarar samfuri a wancan lokaci tana farawa ne a Agusta, don haka A ita ce Agusta, B Satumba, C Oktoba, haka har L ta faɗa kan Yuli. Tsari na uku, wanda ya zama wajibi daga 1 ga Agusta, 1984, kuma shi ake bi har yau, yana sa harafin wata a gurbi na tara, a wannan karon A ita ce Janairu, L kuma Disamba. Gurbi na goma shi ne alƙalamin ƙarshe na shekarar da aka ƙera jirgin. Biyun ƙarshe su ne shekarar samfuri. Ke nan J586 na nufin an ƙera jirgin a Oktoba 1985 a matsayin samfurin 1986. Harafin C guda ɗaya tak yana nufin Oktoba a jirgin 1976, yana kuma nufin Maris a jirgin 1990. Wanda ya ɗauki jadawalin sabon tsari ya ɗora a kan tsohuwar lamba zai fito da wata daban, cikin cikakken tabbaci, kuma babu abin da zai gargaɗe shi.

Hanyar da nake bi don rarrabewa ita ce duban gurbi na tara kafin komai. Idan alƙalami ne, tsari na farko ne. Idan M ce, tsari na biyu ne, tunda watanni goma sha biyu sun ƙare a L, babu watan da ake kira M. Idan wani harafi ne tsakanin A da L, sabon tsari ne. Da wannan, M76C ta jirgin dattijon ta bayyana: samfurin 1976, watan Oktoba. Sai dai akwai ɗan lanƙwasa ko a nan, domin Oktoban da ke cikin shekarar samfurin 1976 shi ne Oktoban 1975, tunda shekarar ta fara tun Agustan 1975. Takardar da ke hannun dattijon kuwa 1980 ta rubuta, kuma a kan haka ya yi tallan jirgin. Ban ga alamar ya yi niyyar yaudara ba. Abin da ya gada a takarda shi ya maimaita, kuma mai yiwuwa wani ne a can baya ya rubuta shekarar da aka yi wa jirgin sabuwar rajista a gurbin shekarar ƙira. Amma shekara kusan biyar a rayuwar jirgin faiba ba ƙaramin abu ba ne, musamman ga wayoyin ƙarfen da ke riƙe da sandar filafili da katakon da ke cikin dandamalin sama. Duk wannan lissafi da fensir da takarda na yi shi, rumbun bai sa hannu ba. Na fahimci cewa ba don wannan aka gina shi ba, amma tun da hukumar da ke riƙe da shi ita ce ta tsara ƙa'idojin kwanan watan, da ɗan akwatin da zai karɓi gurabe huɗun ƙarshe ya fassara su ya rage wa mutane ruɗani mai yawa.

Gurabe biyar na tsakiya ba laifin kowa ba ne a ce ba su da mabuɗi, domin kowane kamfani da nasa salon. Wasu suna sa harafi ɗaya na samfuri sannan lambar jeri, wasu suna fara da tsawon jirgin, wasu kuma ƙidaya ce kawai daga ɗaya. Abu ɗaya da ƙa'ida ta tsaida shi ne ba a amfani da haruffan I da O da Q a wannan sashe, saboda kamanninsu da ɗaya da sifili. Wannan ƙaramar ƙa'ida tana taimakawa ƙwarai wajen karanta lambar da ta dushe: duk zagayen da aka gani a tsakiyar lamba sifili ne, ko kuma D ce da fenti ya cike mata kusurwa. Ma'anar sashen kuwa, ƙungiyoyin masu irin jirgin su suka fi saninta, domin su ne suka tara tsofaffin ƙasidun talla da jerin lambobin jiragen membobinsu.

Akwai wani tarko kuma da ya shafi haruffa ukun da kansu. Alamomin ba su da yawan da ba ya ƙarewa, saboda haka idan kamfani ya daɗe da rufewa, ana iya ba wani sabon kamfani alamarsa. Mutum zai shigar da haruffan jirginsa na 1974, sai ya ga sunan wani kamfani da ke ƙera kwale-kwalen alminiyam a wata jiha mai nisa, wanda ba a kafa shi ba sai bayan shekara ashirin da ƙera jirgin. Amsar da yake nema tana nan, amma tana ƙasa, a layin tsofaffin sunaye ko a sashen ƙarin bayani, kuma wannan sashe an rubuta shi ne da gajerun kalmomin ofis waɗanda ma'aikaci ya rubuta domin ma'aikaci. Dole a buɗe cikakken bayanin, a kwatanta shekarun da kamfanin ya yi aiki da shekarar da ke ƙarshen lambar. Idan ba su haɗu ba, to ba shi ne maƙerin ba. Haka nan sunan da ke rumbun yana iya zama na uwar kamfani maimakon sunan da jama'a suka sani. Kamfanin O'Day kansa ya shiga hannun kamfanin Bangor Punta a 1966, Bangor Punta kuma ya koma hannun Lear Siegler a 1984, kuma irin wannan sauyin hannu ya zama ruwan dare a masana'antar. Babban kamfani guda yana iya riƙe alamomi da dama, ɗaya ga kowace masana'anta ko kowane reshe, don haka jirage biyu masu suna ɗaya a gefe suna iya farawa da haruffa daban.

Tambayar da ta fi kowace nauyi, wato ko lambar da ke jikin jirgin tasa ce da gaske, ita ma rumbun ba ya amsa ta. Lambar shasin mota a Amurka tun 1981 tana da gurbi goma sha bakwai, ɗaya daga ciki kuma alƙalamin tantancewa ne da ake lissafowa daga sauran, ta yadda kuskure ko ƙirƙira ke saurin tonuwa. Lambar jirgin ruwa ba ta da irin wannan. Duk wanda ya san tsarin yana iya haɗa gurabe goma sha biyu masu kama da gaskiya, rumbun kuma zai tabbatar masa cewa haruffa ukun farko na kamfani ne na ainihi. Kariyar da doka ta tanada a jikin jirgin take: dole a sassaƙa lambar, ko a buga ta, ko a zuba ta tare da ganga, ko a manna ta yadda duk wanda ya yi yunƙurin cire ta zai bar tabo. Daga Agusta 1984 kuma aka wajabta kwafi na biyu a ɓoyayyen wuri a cikin jirgi ko ƙarƙashin wani ƙarfe da aka ɗaure. A jiragen da suka zo bayan wannan lokaci, nemo kwafin na biyu da kwatanta shi da na waje ya fi duk wani bincike na intanet ƙarfi. A waɗanda suka riga shi, sai ido: faci mai launi daban a kusurwar dama ta bangon baya, haruffan da ba su daidaita a girma ba, ko faranti da aka ɗaure da sababbin ƙusoshi a kan tsohuwar ganga. Ba kowace lamba da ta ɓata ce ke nuna sata ba, a yi adalci. Bangon baya na tsofaffin jiragen inji yakan ruɓe daga ciki saboda katakon da ke tsakiyar faiba, kuma masu gyara da yawa sun yanke shi sun zuba sabo ba tare da sun kula da lambar da ta tafi da tsohon ba. Amma ko da dalilin mai tsabta ne, wahalar rajista a kan mai saye za ta faɗa.

Ga jiragen da suka girmi Nuwamba 1972, amfanin rumbun ya kusan ƙarewa, kuma waɗannan su ne jiragen da masu sha'awar tsofaffin kaya suka fi so. Boston Whaler mai ƙafa goma sha uku ya fito tun 1958, Pearson Triton a 1959, Hobie 14 a 1968, kuma duk wanda aka ƙera a waɗannan shekaru yana ɗauke ne da lambar gida ta kamfaninsa, wani a kan farantin tagulla a cikin ɗaki, wani da fenti a cikin ganga, wani a sassaƙe a jikin katako, wani kuma lambar da ke kan filafili ce kaɗai shaidarsa. Kuskuren da na ga ana yi shi ne ɗaukar haruffa uku na farkon irin wannan tsohuwar lamba a shigar a rumbun, a samu sunan wani kamfani bisa katari, a kuma gaskata. Idan lambar ba ta cika gurbi goma sha biyu ba, ba ta cikin tsarin, kuma duk abin da bincike ya fitar a kanta dace ne kawai. Wani lokaci kuma akan sami tsohon jirgi da cikakkiyar lamba mai gurbi goma sha biyu wadda harafinta na uku Z ne, kamar FLZ. Wannan jiha ce ta bayar da ita, Fulorida a wannan misali, kuma irin lambar da ake ba jirgin da mutum ya ƙera da kansa ne ko wanda ba shi da lambar kamfani. Kwanan watan da ke ƙarshenta yawanci yana da nasaba da lokacin da aka ba da lambar, don haka ba hujja ba ce a kan shekarun gangar. Manyan jirage kuma, masu girman tan biyar na awon hukuma ko fiye, waɗanda aka yi musu rajistar tarayya, suna da wata lamba dabam a cikin ganga wadda ke farawa da "NO.", alƙalumanta masu tsayin aƙalla inci uku. Ita wannan tana bin jirgi tsawon rayuwarsa, kuma ta hanyarta ake neman tarihin mallakarsa daga cibiyar rajistar jirage ta rundunar da ke jihar Bajiniya ta Yamma. Ga tsohon jirgi babba, wannan ƙofa ta fi ta rumbun alamomi faɗi.

Jiragen da aka ƙera a waje suna da nasu sarƙaƙiyar. Wanda aka shigo da shi Amurka yakan ɗauki alamar kamfanin da ya shigo da shi, saboda haka jirgin da aka zuba a wata masana'anta a Taiwan a shekarun 1970 zai iya nuna adireshin wani ofishi a Kalifoniya, sunan masana'antar ta ainihi kuma ba zai bayyana ba. Kanada ta wajabta irin wannan lamba daga Agusta 1981. A Tarayyar Turai an wajabta ta daga Yuni 1998, da ƙarin haruffa biyu na ƙasa a gaba, kamar FR ta Faransa, wanda ya mai da ita gurbi goma sha huɗu, kuma kowace ƙasa ke raba alamomin maƙeranta. Wanda ya shigar da haruffa uku na jirgin Turai a rumbun Amurka yana iya samun suna, amma na wani ne.

Wani abu da ke kusa da rumbun, wanda mutane kan tsallake, shi ne jerin sanarwar aibi da kiran a dawo da jirage domin gyara, wanda rundunar ke ajiyewa a wuri guda. Idan kamfanin ya riga ya mutu babu wanda zai yi gyaran kyauta, amma sanin cewa an taɓa samun matsala a tankin mai ko a wayoyin lantarki na wani samfuri yana nuna wa mai duba jirgi inda zai fara haska tocilarsa.

Game da kamfanonin da ke sayar da rahoton tarihin jirgi a kan kuɗi, abin da zan ce kaɗan ne: sashen rahotonsu da ke faɗin sunan maƙeri daga wannan bayanin na hukuma yake fitowa, wanda kowa ke iya gani kyauta, kuma idan jirgi ya tsufa, bayanan haɗari da na inshora da suke ƙarawa sukan yi ƙaranci. Wanda abin da yake so shi ne sanin wa ya ƙera jirginsa, ya fara da rumbun. Wanda zai biya kuɗi mai kauri, ya haɗa da ƙwararren mai duba jirage wanda zai ƙwanƙwasa ganga da guduma ya saurari inda ta yi taushi, ya kuma tuntuɓi ofishin rajista na jihar a duba ko an taɓa kai rahoton sace jirgin. Rumbun da Turanci kawai yake, fasalinsa na ofis ne, babu hoto babu ado, amma yana buɗewa a waya ba tare da wahala ba, kuma na sha yin binciken ina tsugune a bayan jirgi da takardar gogen fensir a ɗaya hannun.

Jirgin dattijon dai mun daidaita a kansa bayan na nuna masa takardun nan uku da lissafin watannin, ya kuma rage wani abu daga farashin da kansa ba tare da na matsa ba. Da muka zauna cike takardun mallaka sai wani abu ya sake fitowa: a tsohuwar rajistar an rubuta harafin S a gurbi na shida, alhali gogen fensir ya nuna 5 ce, da kanta a miƙe da cikinta a zagaye. Gyara wannan gurbi guda da shekarar ƙira sai da ya buƙaci hoton bangon baya, da ɗaya daga cikin takardun gogen, da kuma jami'in da ya zo ya duba lambar da idonsa kafin a fitar da sabuwar takarda mai ɗauke da 1976.